JOSHUA CHIBI DARIYE: AKANTA A GADON MULKIN JIHAR FILATO DA SHARI'AR KUƊIN GYARAN ƘASAR KUZA

1.0 Gabatarwa

A cikin gwamnonin farar hula da suka mulki Jihar Filato daga 1979 zuwa yau, babu wanda ya hau kujerar mulki ya sauka sau da yawa kamar Cif Joshua Chibi Dariye. An rantsar da shi a 1999, an sake zaɓensa a 2003, an dakatar da shi a 2004, an tsige shi a 2006, kotu ta mayar da shi a 2007, wata kotun kuma ta ɗaure shi a 2018, sannan aka yi masa afuwa a 2022. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan rayuwa ta fuskar sana'ar da ya fara da ita, wato aikin akanta, domin kuwa kusan duk wani babban al'amari da ya same shi, a kan takarda da ƙidaya aka yanke shi: cakin banki guda ɗaya, da umarnin da ya rubuta da hannunsa, da kuma yawan 'yan majalisar da suka zauna ranar da aka tsige shi. Kafin a kai ga wannan, wajibi ne a yi bayanin ƙasar da ya mulka, da irin raunin da haƙar kuza ta bar mata, saboda da sunan gyaran muhallin wannan ƙasa aka fitar da kuɗin da suka zama sanadin ɗaurinsa.

2.0 Ƙasar Kuza

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Hausawa suna narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, suna mayar da ita siraran sanduna kamar tsinke, fatake suna yawo da su kasuwa-kasuwa. Waɗannan sanduna ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, har ya aiko da ma'aikatansa neman tushen ma'adinin, cikinsu har da H. W. Laws wanda ya iso tsaunukan Filato a 1903 ya kafa sansani a Naraguta. Daga nan garin Jos ya fara bunƙasa. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso yankin, a 1927 kuma babban layin dogo na Gabas ya shigo. Leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Bauci da Barno da Sakkwato da ƙasar Tibi, 'yan kasuwa da akawuna kuma daga Kudu. Sunayen barikokin da suka zama garuruwa sun isa shaida a kan harshen da ake magana da shi a bakin rami: Barikin Ladi, Sabon Gidan Kanar, Dorowa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, Turawan mulki sun ƙaƙaba aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa, da yawa daga cikinsu sanyin dutse da cuta suka halaka su. Bill Freund ya yi cikakken bayanin wannan zamani a littafin da ya wallafa a 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza na Nijeriya.

Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, sauran manyan kamfanonin da suka rage suka tattara nasu ya nasu. Abin da suka bari shi ne ɗaruruwan ramuka masu zurfi da suka cika da ruwa, da tsibin jar ƙasa da ba ta fitar da amfanin gona, daga Rayfield da Bukur har zuwa Barikin Ladi da Bokkos. Waɗannan kududdufai suna cin yara da dabbobi, zaizaya kuma tana cin gonakin da ke kewaye da su. Saboda irin waɗannan matsaloli a sassan ƙasa daban-daban ne aka kafa Asusun Gyaran Muhalli a 1981, ana ware masa kashi 1 cikin 100 na kuɗin Asusun Tarayya, daga baya a 1992 aka ɗaga zuwa kashi 2. Babu wanda zai yi gardama cewa Filato tana cikin jihohin da suka fi cancantar samun rabo daga wannan asusu.

3.0 Asalinsa da Hawansa Mulki

An haifi Dariye ranar 27 ga Yuli, 1957, a Horop ta ƙasar Mushere, cikin Ƙaramar Hukumar Bokkos ta yanzu. Masana harshe za su lura cewa harshen Mushere ɗan gidan Cadi ne, reshen Yamma, cikin rukunin da ya ƙunshi Angas da Mwaghavul, wato ke nan ɗan'uwan Hausa ne na jini, saɓanin Birom da Afizere da Anaguta na kewayen Jos waɗanda suke 'yan gidan Binuwai-Kwango. Sai dai siyasar Filato ba ta bin taswirar masana harshe. Abin da ya raba mutane a can shi ne takardar shaidar zama ɗan ƙasa da kuma addini. Dariye ya koyi aikin akanta, ya kuma yi aiki a Kamfanin Siminti na Binuwai da ke Gboko har ya kai ga shugabancin sashen kuɗi.

Lokacin da Janar Abdulsalami Abubakar ya buɗe fagen siyasa a 1998, Dariye bai da wani dogon tarihi a cikinta in an kwatanta shi da su Cif Solomon Lar, gwamnan farar hula na farko daga 1979 zuwa 1983 kuma shugaban jam'iyyar PDP na ƙasa na farko. Duk da haka ya sami takarar PDP, ya ci zaɓen watan Janairu na 1999, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu yana ɗan shekara 41. Jihar da ya gada ta ragu, domin an cire mata Nasarawa a 1996, ta saura da ƙananan hukumomi 17, kuma kusan dukkan abin da take kashewa daga rabon Abuja yake zuwa. Daga ayyukan da ake tunawa da shi akwai Jami'ar Jihar Filato da aka kafa a Bokkos a 2005.

4.0 Rikici da Dokar Ta-ɓaci

Tun da gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991, takaddama ta tsananta a kan wane ne mai garin Jos. Hausawa da Fulani, waɗanda ake kira Jasawa, suna kafa hujja da daɗewarsu da kuma sarakunan Hausawa da aka naɗa wa garin a zamanin Turawa. Birom da Anaguta da Afizere kuwa suna kafa hujja da cewa a kan gonakin kakanninsu aka gina shi, suna nuni da sarautar da aka ba Rwang Pam a 1947. An yi arangama a watan Afrilu na 1994 a kan naɗin shugaban riƙo na ƙaramar hukumar. Ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001, wuta ta sake tashi daga unguwar Kwango-Rasha, bayan makonni ana zaman ɗar-ɗar a kan naɗin wani Bahaushe jami'in shirin yaƙi da fatara. Cikin kimanin mako guda, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum wajen 1,000. Gwamna ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Niki Tobi, amma ba a ga an hukunta manyan masu laifi ba. A watan Fabrairu na 2002 kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Jos ta Taminus, wadda take ɗaya daga manyan hanyoyin samun kuɗin shiga na jihar.

Daga nan rikicin ya gangara kudancin jihar, yankin Wase da Langtang da Shandam. A garin Yalwa an kashe Kiristoci fiye da 70 ranar 24 ga Fabrairu, 2004, da yawansu a harabar coci. Ranakun 2 da 3 ga Mayu aka kai harin ramuwa, aka kashe Musulmi ɗaruruwa, waɗanda ƙungiyar da aka ambata ta ƙiyasta sun kai 660. Mako guda bayan haka tarzoma ta ɓarke a Kano, aka kashe mutum fiye da 200. Ranar 18 ga Mayu, 2004, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da gwamna da Majalisar Dokokin jiha tsawon wata shida, ya naɗa Manjo-Janar Chris Alli mai ritaya kantoma. A jawabinsa ya ɗora wa Dariye laifin sakaci da yawan tafiye-tafiye alhali jiharsa tana ci da wuta.

Lauyoyi da dama sun yi suka cewa sashe na 305 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon kafa dokar ta-ɓaci, amma bai ambaci cire zaɓaɓɓen gwamna ba. Abin da aka dogara da shi kawai shi ne misalin Jihar Yamma a 1962, lokacin da gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma, a ƙarƙashin wani tsarin mulki dabam. An kai ƙara Kotun Ƙoli da sunan Jihar Filato, amma a 2006 kotun ta yi watsi da ita bisa dalilin cewa masu ƙarar ba su da izinin shigar da ita da sunan jihar, saboda haka ba ta taɓa gundarin tambayar ba. Shugaba Jonathan bai cire gwamnonin Barno da Yobe da Adamawa ba a 2013, amma Shugaba Tinubu ya dakatar da na Ribas a 2025.

Yana cikin wannan dakatarwa ne 'yan sandan Landan suka kama shi a wani otal ranar 2 ga Satumba, 2004, bisa zargin halatta kuɗin haram. Aka ba da shi beli a kan ya dawo a watan Disamba. Bai koma ba. Ranar 18 ga Nuwamba wa'adin dokar ta-ɓaci ya cika, ya koma gidan gwamnati a Jos, rigar kariyar da sashe na 308 ya tanadar wa gwamnoni ta sake rufe shi.

5.0 Caki Ɗaya

A nan ya kamata a ɗan tsaya a dubi kalmomin da Hausa take amfani da su a wannan fage, domin suna ɗauke da tarihin ƙa'idar da aka karya. Baitulmali kalmar Larabci ce da Daular Sakkwato ta sani, ma'aji kuwa Bahaushiyar kalma ce daga aikatau "aje" ko "ajiye", tana nufin mutumin da ake ba ajiya, kuma tana iya nufin wurin ajiyar. Lokacin da Turawa suka kafa baitulmalin En'e, wanda H. R. Palmer ya fara gwadawa a Katsina kafin ya bazu a sauran masarautu wajen 1911, babban abin da suka sauya shi ne raba aljihun sarki da asusun jama'a. Aka yanka wa sarki albashi, aka wajabta rubuta kasafin shekara, ma'aji ba ya fitar da ko sisi sai da bauca, Di'o kuma yakan zo ya ƙidaya abin da ke cikin akwati. Akanta da odita da rasit da caki duk baƙin kalmomi ne da suka shigo daga Ingilishi, amma aikin da suke yi shi ne tsare wannan iyaka. Tsarin Mulkin 1999 ya maimaita ƙa'idar a sashe na 120, inda ya ce duk kuɗin da jiha ta samu su shiga asusunta na bai-ɗaya, kada a fitar da su sai da amincewar Majalisar Dokoki. Sashe na 125 kuma ya ɗora wa babban oditan jiha binciken littattafan.

Abin da ya bayyana a gaban kotu shi ne, a 2001 ofishin Asusun Gyaran Muhalli da ke ƙarƙashin fadar Shugaban Ƙasa ya rubuta wa Gwamnatin Jihar Filato cakin kimanin Naira biliyan 1 da miliyan 160. Maimakon cakin ya bi ta ofishin babban akanta na jiha a Jos, sai aka shigar da shi a reshen bankin AllStates Trust da ke Abuja, aka rarraba kuɗin bisa umarnin da gwamna ya rubuta da hannunsa. Naira miliyan 550 suka tafi asusun gwamnatin jiha, wato ƙasa da rabi. Naira miliyan 250 suka tafi ga wani kamfanin sadarwa, miliyan 100 ga jam'iyyar PDP reshen Kudu maso Yamma, miliyan 160 kuma ga wani asusu mai suna Ebenezer Retnan Ventures, wanda kotu ta gamsu cewa gwamnan ne da kansa yake juya shi. Dariye bai ɓoye batun kuɗin jam'iyya ba. Hasali ma shi ya riƙa faɗa a fili, yana nuna cewa ba shi kaɗai ya amfana ba. Wannan magana ta girgiza siyasar lokacin, amma a idon doka ba ta wanke shi ba, sai ma ta tabbatar da cewa kuɗin sun tafi inda ba a ware su domin sa ba.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya yi shekaru yana sa hannu a baucocin kamfanin siminti ba zai ce bai san bambancin asusun hukuma da na kansa ba. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi. Haka kuma ɗabi'ar akanta ta rubuta komai dalla-dalla ita ce ta bar wa masu gabatar da ƙara shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Bankin ma bai daɗe ba, domin yana cikin waɗanda Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisinsu a farkon 2006, bayan sun kasa tara jarin Naira biliyan 25, amma takardunsa sun saura.

6.0 Shida Cikin Ashirin da Huɗu

Tun da rigar kariya ta hana Hukumar EFCC, ƙarƙashin Malam Nuhu Ribadu, gurfanar da gwamna mai ci, sai aka koma neman tsige shi. Wannan ita ce hanyar da aka bi da Diepreye Alamieyeseigha na Bayelsa a watan Disamba na 2005, wanda shi ma ya tsallake beli daga Landan. A Filato lissafin bai fita ba. Majalisar Dokoki tana da kujeru 24, sashe na 188 kuma ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa sun amince, wato mutum 16. Mafi yawansu, har da kakakinsu Simon Lalong, suna tare da gwamna. Sai aka ce 14 daga cikinsu sun rasa kujerunsu saboda sun sauya jam'iyya. Da sanyin safiyar 13 ga Nuwamba, 2006, 'yan majalisa shida suka zauna cikin tsaron 'yan sanda, Michael Dapianlong yana jagorantarsu, suka ce sun tsige gwamna, aka rantsar da mataimakinsa Cif Michael Botmang.

Sauri ya haifi nawa. Ranar 8 ga Maris, 2007, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Jos ta rushe tsigewar, ranar 27 ga Afrilu kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Dalilin kotun a sarari yake: "dukkan 'yan majalisa" yana nufin 24, ba waɗanda suka rage ba, kuma in kujeru sun zama babu kowa, sai a cike su ta hanyar zaɓe kafin a taɓa gwamna. Kotun ba ta ce Dariye bai yi laifi ba, ba a ma kawo mata wannan tambaya ba. Irin wannan hukunci ne ya mayar da Rashidi Ladoja na Oyo a watan Disamba na 2006, da Peter Obi na Anambra a watan Fabrairu na 2007. Dariye ya koma ofis ya ƙarasa 'yan makonnin da suka rage, wa'adinsa ya cika ranar 29 ga Mayu, Jonah Jang ya gaje shi.

7.0 Shari'a, Ɗauri da Afuwa

A watan Yuli na 2007 EFCC ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Birnin Tarayya bisa tuhuma 23. Lauyoyinsa suka ƙalubalanci hurumin kotun, suna cewa kuɗin na Filato ne, saboda haka a Filato ya kamata a yi shari'ar. Wannan gardama kaɗai ta ci kusan shekara takwas, sai ranar 27 ga Fabrairu, 2015, Kotun Ƙoli ta yi watsi da ita, ta kuma yi kakkausar suka a kan yadda ake amfani da ɗaukaka ƙara don jan lokaci. A wannan shekarar ce aka kafa sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuka, wadda sashenta na 306 ya hana dakatar da shari'a saboda irin wannan ɗaukaka ƙara.

Duk tsawon wannan lokaci mutanen mazaɓarsa ba su juya masa baya ba. A 2011 ya ci kujerar Sanatan Filato ta Tsakiya a jam'iyyar Leba, ya sake ci a 2015 a PDP, a 2016 kuma ya koma APC mai mulki. Wanda yake son fahimtar siyasar Filato dole ya yi la'akari da wannan: a Bokkos da Mangu da Pankshin da yawa suna ganinsa a matsayin ɗansu mai buɗaɗɗen hannu wanda Abuja ta sa wa ƙahon zuƙa, kuma yadda aka bi da shi a 2004 da 2006 ya ƙarfafa musu wannan zato.

An fara sauraren shaidu a 2016 a gaban Mai Shari'a Adebukola Banjoko, cikinsu har da jami'in 'yan sandan Landan da ya kama shi shekara 12 kafin nan. Ranar 12 ga Yuni, 2018, ta same shi da laifi a tuhuma 15 daga cikin 23. Babban laifin shi ne wanda sashe na 315 na Dokar Finalkod ya tanada, wanda Bahaushe ba ya buƙatar aron kalma kafin ya faɗe shi: cin amana daga ma'aikacin hukuma. Ta yanke masa shekara 14, iyakar abin da sashen ya yarda. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa shekara 10 a watan Nuwamba na wannan shekara, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da shekara 10 ɗin ranar 12 ga Maris, 2021, ko da yake ta soke ƙaramin laifin almubazzaranci da dukiya. Yana gidan yarin Kuje ya ƙarasa wa'adinsa na sanata a 2019, domin ba a ayyana kujerarsa a matsayin wadda babu kowa ba.

Ranar 14 ga Afrilu, 2022, Majalisar Magabata ta Ƙasa ta amince Shugaba Muhammadu Buhari ya yi afuwa ga mutum 159 bisa ikon da sashe na 175 ya ba shi, cikinsu har da Dariye da tsohon gwamnan Taraba Jolly Nyame, wanda alƙaliyar nan ɗaya ta ɗaure makonni biyu kafin Dariye. Fadar Shugaban Ƙasa ta kafa hujja da rashin lafiya. Ƙungiyoyin yaƙi da rashawa sun soki matakin, suna cewa an yi shekara 11 ana shari'a, an kashe kuɗin jama'a wajen kawo shaidu har daga Ingila, sai ga shi an warware cikin zama ɗaya. Afuwar ba ta sauya abin da kotuna uku suka tabbatar game da cakin 2001 ba. An sake shi daga Kuje ranar 8 ga Agusta, 2022, bayan ya yi shekara huɗu da kusan wata biyu, a lokacin kuwa Simon Lalong, kakakin majalisar da ya ƙi sa hannu a tsige shi a 2006, shi ne yake kan kujerar gwamna a Jos.